Sabon Yadi Ko Gwanjo: Wanne Ya Fi Wa Mai Keke A Ɗaka?

Mace ta gama koyon ɗinki an yaye ta, maigida ko yayanta ya yi ƙoƙari ya saya mata keken ɗinki Butterfly mai takawa da ƙafa, an kafa shi a gefen gado. Daga nan sai abu ya tsaya. Masu kawo ɗinki ba su san hannunta ba tukuna, ba kuma wadda za ta ɗauki leshin bikinta ta miƙa wa sabuwar tela ta gwada a kai. In tana son keken ya motsa, dole ta sayi ƙyalle da kuɗinta, ta ɗinka, ta sa wa 'ya'yanta ko ta sayar. Kuɗin kuwa ba su taka kara sun karya ba. A nan Gombe hanya biyu ce a gabanta: ko ta shiga layin 'yan yadi a Babbar Kasuwa a yanko mata sabo, ko ta zarce wajen 'yan gwanjo ta tsinto kayan da za ta farke ta mayar da su wani abu dabam.

Ni na fi karkata ga gwanjo, amma da sharuɗɗa, kuma akwai ɗinkin da ba zan ba kowa shawarar ta kusanci gwanjo da shi ba. Babban sharaɗin shi ne, 'yar'uwa, ki shiga wajen 'yan gwanjo da idon mai sayen yadi. Kyan rigar a yadda take ba shi ya dame ki ba. Abu biyu za ki duba: ƙyalle nawa ne lafiyayye a jikinta, kuma wahala nawa za ta ba ki kafin ta kwanta a shimfiɗe kan tebur ki ɗora mata alli. Wadda ta riƙe waɗannan biyun za ta ci riba. Wadda ta bi sha'awar ido za ta cika ɗaki da tsummokara.

Wasu har yanzu suna ɗaukar gwanjo kamar kyauta ake bayarwa. Wannan zamanin ya wuce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, duk abin da ke tsallako teku ya tashi, kuma gwanjo da sabon yadi duk tsallakowa suke yi. Dilar gwanjo daga Ingila, Amurka, Kanada, Koriya ko Sin take tasowa, akasari ta sauka a Kwatano ko Lome, ta biyo ta Legas, Aba ko Kano kafin ta iso mana, kuma kowane hannu ta bi sai ya ɗora nasa. Sabon yadi mai sauƙin kuɗi kuwa yawancinsa daga Sin yake, ta Kantin Kwari. Abin yana min ciwo in na tuna cewa a ƙasar auduga muke zaune, garin da kamfanin Turawan Ingila ya kafa wa injin gurza har unguwar BCGA ta ci sunansa. Masaƙun Kaduna da suka fara tun 1957 sun rufe ɗaya bayan ɗaya, babbarsu UNTL ta tsaya a 2007. To, wannan maganar wata rana ce. Abin da ya shafe ki yau shi ne farashin duka biyun ba ya zama wuri ɗaya, don haka kwatanta su da naira ba ya daɗewa. Kwatancen da ba ya tsufa shi ne na awo, kuma a nan ne mata da yawa ba su taɓa zama sun lissafa ba.

Turmin atamfa yadi 6 ne, wato kusan mita 5 da rabi, faɗinsa kuma wajen inci 45 ko ya ɗan ɗara. In aka haɗa tsawo da faɗi, ƙyallen da ke cikin turmi ya ɗan haura murabba'in mita 6. Yanzu ki je wajen masu buɗe dilar zannuwan gado ki nemi rigar bargo, wato babbar jakar nan mai maɓallai a baki da Turawa ke zura bargonsu a ciki. Ta gadon mutum biyu tsawonta mita 2 ne, faɗinta mita 2, kuma falle biyu ce, sama da ƙasa. Murabba'in mita 8 ke nan. Rigar bargo ɗaya ta fi turmi guda ƙyalle. Ɗinkin da ke jikinta duk miƙaƙƙe ne a gefe-gefe, ba sai kin ɗauki reza ba ma, almakashi ya bi gefen ya wuce, cikin ɗan lokaci kin samu manyan falle biyu. Sau da yawa saman da ƙasan ba zanensu ɗaya ba amma launinsu ya dace, ɗaya mai furanni ɗaya babu zane, ka ce dama don riga da wando aka haɗa su. Faɗin mita 2 kuma yana ba ki abin da atamfa ba za ta ba ki ba: ki yanka doguwar riga mai baza ko buje mai faɗi ba tare da kin yi ƙari a ƙasa ba.

Na fifita rigar bargo a kan zanen gadon kansa saboda dalili ɗaya: ba a kwanciya a kanta. Zanen gado a tsakiya yake mutuwa, inda jiki ke gogawa shekara da shekaru, gefunansa kuwa su zauna garau su ruɗe ki. Ki ce wa mai kayan ya kama miki gefe ɗaya ki kama ɗaya, ku ɗaga shi ku fuskanci rana. Inda haske ya fi ratsowa nan ne ya ci, kuma in kika yanka gaban riga daga wurin, wanki kaɗan zai yage. Zanen gado mai roba a kusurwoyi shi ya fi kowanne shan wahala, ga shi an riga an yanke masa kusurwa huɗu, don haka sai in ya yi araha ƙwarai. Labule yana da ƙyalle mai yawa, amma ina taka-tsantsan da shi. Rana tana cinye shi a tsaye layi-layi inda ya naɗe, wani kuma an shafa masa roba a baya don tare haske, wani an sa masa maganin hana kama wuta. Irin wannan a yi jakar Islamiyya da shi, ko rigar keke, ko rigar filon kujera. Kada a sa shi a jikin yaro.

Bayan shimfiɗaɗɗun kaya, abin da ya fi ba da ƙyalle shi ne rigar maza mai maɓallai, manya-manyan nan da ke rataye ba mai tayawa saboda sun yi wa kowa yawa. Mai kaya ya san wadda ta yi daidai da jikin samari ita ce ke tafiya da wuri, ƙatuwar kuwa takan kwana masa a hannu, saboda haka kina da bakin ciniki. Ki shimfiɗa ta a tebur a maɓalle, ki cire hannayen daga kafaɗa, ki yanke kwala. Bayanta ƙyalle ɗaya ne mai faɗi, gabanta kuma ga layin maɓallai da ramukansu, injin masana'anta ya riga ya yi su tsaf. Duk wadda ta taɓa zama tana yin ramin maɓalli da allurar hannu ta san darajar wannan. Ki juya layin ya koma baya, ki zana rigar yarinya 'yar shekara biyu ko uku a kai, ƙasan rigar ki bar shi yadda yake tunda da kalmasarsa. Abin da ya rage miki haɗa kafaɗa, gefe, da gyara wuya. Hannayen biyu kuma ƙafafun wandon jariri ne: ki yanko saman kowanne ki fitar da lanƙwasar hantsa, ki haɗa su, ki zura roba a ƙugu, bakin hannun ya zama bakin ƙafa. Aljihun ƙirji ma kada ki yar, ki ɗora shi a gaban rigar. Amma kafin ki biya, ki leƙa hammata, bayan kwala da gwiwar hannu, can ne gumi da guga suka fi ci.

Dogon buje mai tattara, rigar masu ciki, da manyan abayoyi su ma suna da ƙyalle. Abin da nake cewa a guje masa shi ne duk rigar da aka ɗinka ta bi jiki. Rigar mata mai tsuke ƙugu, in kin farke ta, ƙananan ƙyallaye ne bakwai ko takwas, kowanne a karkace, ba wanda zai isa hannun riga. Kwat ta fi muni. Tana da nauyi a hannu har ki ɗauka kin samu kaya, amma gabanta an liƙe shi da gam, ga aljihuna an tsaga, ga shafi, ga soso a kafaɗa. Sai ki yini a kanta ki tashi da abin da bai fi hula ba.

Ta fuskar yawan ƙyalle ke nan, in kin iya zaɓe gwanjo ya yi gaba. Ta fuskar inganci fa? Nan maganar ta rabu. Atamfa mai kyau ko shadda mai tsada, sabuwa fil, ba gwanjon da zai kamo ta. Ƙarfinta ɗaya ne daga wannan baki zuwa wancan, ba ɓoyayyen rami, ba tabon da zai fito bayan wanki, kuma kin san tun farkon rayuwarta kika same ta. Sai dai mai ƙaramin jari ba wannan take saya ba. Abin da kuɗinta ke kaiwa shi ne yadin nan mai sheƙi, roba-roba, wanda ba ya shan gumi, wani yana zuba a wankin farko, wani ya tsuke. Wanda ya san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, ya san abin da irin wannan yadi ke yi wa fatar yaro: ƙurajen zafi a wuya da gadon baya, da kukan dare. Da kuɗin wannan yadin ne za ki iya samun auduga zalla a gwanjo, wadda ta riga ta gama tsukewarta, ta gama zubarta, ta yi laushi. Abin da kika auna shi zai zauna.

Gane audugar ba wuya. Yawancin kayan suna da ɗan farin ƙyalle a gefen ciki da ke nuna abin da aka saƙa su da shi, in kin ga auduga 100 bisa 100 shi ke nan. In an yanke shi, ki damƙe ƙyallen a tafin hannu ki saki: auduga tana yamutsewa ta zauna a haka, roba kuwa ta miƙe abinta. A gida ki zare ɗan zare daga gefe ki kai shi bakin ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ulu kuma ƙaurin gashi yake yi. Kayan da ke talewa, ki ja su kusa da kunnenki; in kin ji ƙaras-ƙaras, robar ciki ta mutu, ki ajiye.

Inda gwanjo ke faɗuwa warwas shi ne lokaci, kuma wannan shi ne kuɗin da ba a gani a bakin kasuwa. Sabon yadi ki kawo, ki goge, ki shimfiɗa, ki yanka. In kina da riguna shida iri ɗaya, ki ninka yadin ki yanke su a tashi ɗaya. Gwanjo kuwa sai kin je kin tsuguna kin tona, kin wanke, kin shanya, kin goge, kin farke, kin tsince guntayen zare, kin sake gogewa don ɗinkin da ya kwanta ya baje, sannan ki zauna kina juya ƙyallen kina neman yadda za ki kauce wa tabo da ramin da aljihu ya bari. Kowace riga da nata lissafin, ba a yanka biyu tare. Ga kuma kula da tsayin zare: in kika yanka gaban riga a miƙe bayanta a karkace saboda ƙyalle ya gaza, rigar za ta murɗe a jiki bayan wanki. Wannan ya sa nake cewa gwanjo na wadda lokacinta ya fi kuɗinta yawa ne. Matar da ke ɗaka, ta sallami yara makaranta, keke na zaune ba aiki, ita ce ribarsa ta tabbata a gare ta. Ranar da masu kawo ɗinki suka yi mata yawa, awar da za ta ɓata tana farke rigar wani ta fi tsada a kan ɗinkin mutane.

Shi ya sa wadda ba ta da keke, tela za ta kai wa, lissafinta dabam ne. Ki ɗauki tsohuwar riga ki kai wa tela a Jekadafari ko Pantami ki ce a fitar wa yarinya riga, abin da za ki ji shi ne, "Hajiya, wannan ai aiki biyu ne, farkewa da ɗinki." Gaskiyarsa ce kuwa. Ba zai karɓi ƙasa da kuɗin sabon ɗinki ba, in ma ya yarda ya karɓa, kuma in Sallah ta matso ba zai ko kalle ta ba. Rangwamen da kika samu wajen sayen ƙyalle ya tafi a kuɗin aiki. Mafita gare ki biyu ce. Ko ki sayi rigar bargo ki yanke gefunanta da kanki, ki wanke ki goge ki ninke, ki kai masa a matsayin yadi kamar kowane yadi. Ko kuma ki sayi gwanjon da ya kusa daidai da jikin yaron a rage shi kawai, aikin da masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi ke yi a ƙofar gida da kuɗi kaɗan.

Keken da kike da shi ma yana da ta cewa. Butterfly da tsohon Singer miƙaƙƙen ɗinki kawai suke yi, kuma hakan ya wadatar wa zanen gado da rigunan maza, allura lamba 14 ta isa. Wandon jins yana son lamba 16 ko 18 da zare mai kauri, kuma inda ɗinki ya taru huɗu ki juya keken da hannu a hankali, in ba haka ba allura ta karye. Daga ƙafafunsa ana samun gajeren wandon yaro mai jure wasan ƙasa, da jakar makaranta da ba ta yagewa. Amma kayan da ke talewa, irin riguna marasa maɓalli na 'yan ƙwallo da singileti, miƙaƙƙen ɗinki ba ya riƙe su: yaro na zura kai zaren zai tsinke. Suna buƙatar keke mai zigizag ko keken wibin mai ɗaure bakin ƙyalle, wanda kuma ya dogara da wuta. In ba ki da su, ki bar dilar nan duk arharta, ko ki tara aikin ki kai a yi miki wibin a shago.

Akwai masu ƙyamar gwanjo saboda tsafta, kuma ban ga laifinsu ba. Ba ki san wanda ya sa ba, ba ki san inda dilar ta kwana ba, ga warin nan nasa da kowa ya sani. Amma wannan matsala ce mai magani. Kada ki shigar da shi ɗaki ki haɗa da kayan gida. Daga leda sai bokiti. Ruwa mai zafi sosai, wanda ya kai digiri 60, yana kashe ƙwarƙwata, kuɗin cizo da ƙwayar ƙazuwa. Ki jiƙa da omo, ki wanke, ki ɗauraye sau biyu, ki shanya a tsakiyar rana ya bushe ƙayau, sannan ki bi shi da dutsen guga mai zafi ciki da waje, musamman kan ɗinki. Suwaitar ulu ce kawai ba ta son ruwan zafi, dunƙulewa take, ita a wanke da ruwa mai ɗumi a bar wa rana sauran aikin. Hypo na fararen kaya ne kaɗai, shi ma kaɗan, don yana cin zare. Kayan ciki kuwa ba na saye ba ne, ba na juyawa ba ne, a bar su inda suke. Sabon yadi ma, in na jariri ne, ban yarda a ɗinka ba a wanke ba, saboda sitaci da rinin da ke jikinsa.

In kin yanke shawarar bin gwanjo, wata tambayar za ta taso: dila ko tsince? Za ki ji ana cewa riba tana cikin dila, a haɗa kuɗi a aika Ƙofar Wambai a Kano a sayo guda. Ga ɗan kasuwar gwanjo haka ne, domin shi yana da inda zai kai kowane mataki: na farko ya rataye a shago, na biyu ya zube a tabarma, ragowar ya kai kasuwannin ƙauye. Ke kuwa ƙyalle kike nema. Dila a ɗaure take zuwa, kilo 45 ko 55 ko ma 100, ba a buɗe miki ki duba, abin da kika tarar shi ne rabonki. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akkara a Ghana, wadda ke cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kayan da ke shigowa a bola suke ƙarewa. Mai jarin turmi biyu ko uku ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan asara. Sannan a sani cewa tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, kuma jami'an kwastan kan kama diloli a hanya. Wanda ya aika kuɗi nesa ya ɗauki wannan kasadar ma. Tsince ya fi tsada a kan kowane guda, amma duk abin da kika biya kin gan shi da idonki, kin taɓa shi da hannunki.

Dabarar tsince ita ce ki samu mutum ɗaya ki riƙe. Ki gaya masa abin da kike so ƙarara: "Malam, ni manya nake nema, ko da maɓalli ya cire, ko kwala ta ci, in dai auduga ce a ajiye min." Zai yi murna, domin abin da kike nema shi ne abin da ke kwana masa. Ranar buɗe dila masu neman na sawa ne ke turereniya, su kwashe na farko a farashi mai tsada. Ke ba ki cikin wannan gasar. Ki bari ƙura ta lafa ki je. Zannuwan gado ne kawai ke son sammako, don masu kyau ba sa kai azahar.

Kafin ma ki fita kasuwa, ki buɗe akwatinki. Iyayenmu sun daɗe suna wannan aikin ba tare da sun taka wajen 'yan gwanjo ba. Zanen atamfar da ya koɗe a mazaunai gefunansa suna nan da rai, riga da buje ne na yarinya. Tsohuwar babbar rigar maigida da wuyanta ya ci ko aikinta ya zare, fukafukanta shadda ce mai faɗi da ba ta taɓa gogar jiki ba, kaftani da wandon yaro ɗan shekara biyar suna ciki har da saura. Wannan ba ki biya ko sisi ba, kin san wanda ya sa shi, kuma in almakashi ya kauce ba ki yi asarar kuɗi ba. Sabuwar tela a nan ya kamata ta fara sake hannu.

Sai batun sayarwa, inda sabon yadi ke dawo da martabarsa. Gwanjo guda-guda ne. Ki ɗinka riga ta yi kyau, maƙwabciya ta gani ta ce a yi wa 'yan biyunta irinta, ba ki da inda za ki samo ƙyallen. Anko ba ya yiwuwa da gwanjo. Yunifom na boko ko na Islamiyya launi ɗaya makaranta ta tsayar, dole sabon yadi. Kaftanin babban mutum yana cin yadi 4 zuwa 5 iri ɗaya, kuma ba namijin da zai tafi masallacin Juma'a da zanen gado a jikinsa, komai kyansa. Kayan lefe da kayan fitar suna ba a ma kawo maganar. Kayan Sallah kuwa, ko da za a iya, ni ina ganin in da hali a yi wa yaro sabo ko yadi biyu ne, domin ranar idon kowa na kan kowa, yara kuma ba sa ɓoye abin da suka gani. A waɗannan wuraren araha ba ta ado.

Amma yaro ba Sallah kaɗai yake sa kaya ba. Sauran kwanakin shekara yana buƙatar na wasa, na barci, na zaman gida, na zuwa gidan kaka, kuma kafin wata shida sun yi masa kaɗan. Uwa ma tana son doguwar rigar shan iska ta aikin gida. Nan ne kasuwar take, kuma nan ne gwanjo ya fi sabon yadi nesa ba kusa ba, domin mai saye tana neman abu mai laushi, mai jure wanki, mai sauƙin kuɗi. Abu ɗaya nake roƙo: ki faɗi gaskiya. Hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ya shafi mai keke kamar yadda ya shafi mai awo. Ki ce daga gwanjo kika fitar, kin wanke kin goge, auduga ce, ta taɓa ta ji. Wata za ta juya baya, da yawa za su saya, kuma wadda ta saya da saninta ba za ta dawo miki da rigima ba. Wajen sa farashi kuma kada ki lissafa kuɗin ƙyalle da zare kawai ki manta da omo, gawayin guga, kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa, da yinin da kika yi kina farkewa.

In jarin naki zai kai, ba dole ba ne ki tsaya a ɓangare ɗaya. Rabin yadin sabuwar atamfa a wuya, bakin hannu da aljihu yana ɗaga rigar da aka fitar daga farin zanen gado ta zama abin fita unguwa, kuma guntayen da teloli ke sharewa a shago sun isa wannan aikin in kin roƙa.

Kayan sanyi ne kaɗai ban ga abin da sabon yadi zai yi takara da gwanjo a kai ba, don ba a sayar da yadin suwaita a layin 'yan yadi. Suwaitar babba guda ɗaya tana ba da hular jariri biyu daga ƙasanta inda saƙar ta tsuke, wando daga hannayenta, da 'yar falmaran daga abin da ya rage. Ki bi layin da kika zana da ɗinki sau biyu kafin ki sa almakashi, don kada saƙar ta warware. Lokacin sayenta kuma ba Disamba ba ne, sa'ad da hunturu ya sauko kowa ke nema. Ki saya a Maris ko Afrilu, lokacin da masu kaya ke neman rabuwa da ita ko a nawa, ki wanke ki adana, ki ɗinka a hankali cikin damina, kafin ƙarshen Nuwamba kayanki na ninke suna jiran masu saye.